Asusu ɗaya ake rabawa, to me ya sa Arewa ke baya a karatu da arziki?

Tambaya: Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin ƙasa, jihohin Arewa 19 na karɓar kasonsu kamar kowa. Ƙananan hukumominmu ma sun fi na Kudu yawa. To me ya sa har yau mu ne a baya a karatun boko da arziki? Laifin Turawa ne, ko na shugabanni, ko na iyaye? In gyara ake so, ta ina za a fara?

Amsa: Malam, duk ukun da ka lissafa suna da hannu, amma ba hannu iri ɗaya ba, kuma akwai na huɗu da ba ka ambata ba, wato yadda aka tsara rabon kuɗin kansa. Kuɗin ilimi a Najeriya ba ya bin yaro. Jiha yake bi, ya bi ƙaramar hukuma, ya bi kwangila. Inda yara suka fi yawa kuma malamai suka fi ƙaranci, can ne kason kowane yaro ke zama mafi ƙanƙanta. Bari mu bi abin daki-daki.

Tarihin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. 'Yan mishan sun sauka Badagiri a 1842, Legas ta samu sakandare ta farko a 1859. A Kano sai 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Turawan mulki sun hana mishan shiga masarautu, su kuma ba su zuba kuɗinsu sun gina makarantu a madadin haka ba, 'yan kaɗan suka buɗe don horar da 'ya'yan sarakai da malaman ofishin En'e. A 1955 Jihar Yamma ta Awolowo ta fara firamare kyauta. Zuwa 1957 ɗaliban firamare a Kudu sun haura miliyan 2, na Arewa ba su kai dubu 200 ba. Abin lura a nan shi ne ilimi haihuwa yake yi. Wanda ya yi firamare a 1955 shi ne malamin 1970, shi ne uban da ke duba littafin ɗansa da daddare a 1985. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976, Kudu na da tarin waɗanda za su riƙe alli, Arewa kuwa sai da aka yi ta kwasa-kwasan gaggawa ana ɗebo malamai daga wasu jihohi da ƙasashen waje. Wannan bashin gaskiya ne. Sai dai shekara sittin da doriya da samun mulkin kai, wanda ya ce har yau Bature ne ke riƙe da mu bai yi wa kansa adalci ba.

Abin da ba a cika son faɗa a taro ba shi ne lissafin yara. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a Kudu maso Yamma 3.9. A Katsina 7.3, a Legas 3.4. Ba maganar a haifa ko kada a haifa nake yi ba, maganar aji da kujera ce. Ɗauki misali kawai, jiha mai yara miliyan ɗaya da rabi 'yan shekarun makaranta, suna ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari duk shekara. Ƙarin yara dubu 45 ke nan. In ka zuba 45 a kowane aji, kana bukatar sababbin azuzuwa dubu da sababbin malamai dubu duk shekara, ba don ka ci gaba ba, don kawai ka tsaya inda kake. Ba a yi maganar waɗanda suka yi ritaya ba, ko rufin da iskar farkon damina ta kwashe. Gwamnan da ya gina azuzuwa ɗari biyar ya kira 'yan jarida, a gaskiya baya jiharsa ta ci a shekarar nan.

Yanzu ga kuɗin. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai. In an zo raba na jihohi a tsakaninsu, kashi 40 daidai-wa-daida ake yi, ko kana da mutum miliyan biyu ko miliyan goma sha biyar. Yawan jama'a kashi 30 kawai yake ja, sauran ya tafi kan faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara haraji da wasu ma'aunan jin daɗin jama'a. Gaskiya ne Arewa na da ƙananan hukumomi 419 in an haɗa da na Abuja, Kudu 355, Kano 44, Legas 20, kuma wannan na jawo mana kuɗi. Amma kason da ake rabowa daga Abuja rabin labarin ne. A 2023 Legas ita kaɗai ta tara kuɗin shiga na cikin gida sama da naira biliyan 800, wajen sulusin abin da duk jihohi suka tara. Yobe da Kebbi da Taraba kowaccensu wajen biliyan 11 ta samu. Kuma ka san daga ina mafi yawan wannan kuɗi ke fitowa? Daga harajin da ake yanka a albashin ma'aikata. Jihar da ke da bankuna da masana'antu da kamfanoni masu biyan albashi a rubuce ita ke da haraji, harajin ya gina makaranta, makarantar ta haifar da ma'aikacin da za a yanki harajinsa gobe. Jihar da mutanenta manoma ne da 'yan tireda da 'yan acaɓa, duk wahalar da suke sha, abin da ke shiga baitulmalinta kaɗan ne. Nan ne karatu da arziki suka ɗaure wa juna ƙafa.

Akwai kuma asusun UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, wato firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku. Rabin wannan kuɗi tallafi ne mai sharaɗi: sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa a asusu, ta kai tsarin ayyukan da za ta yi, an amince, ta kuma ba da bayanin yadda ta kashe na baya, kafin a sakar mata. Abubuwa uku ke lalacewa a nan. Na farko, daidai ake raba shi tsakanin jihohi 36 da Abuja, abin da Bayelsa mai ƙananan hukumomi takwas za ta karɓa shi Kano za ta karɓa. Kason da aka keɓe don cike giɓi tsakanin yankuna kashi 14 ne kacal na asusun. Na biyu, jihohi kan kasa ko su ƙi ajiye nasu, sai biliyoyi su yi ta kwana a Abuja shekara da shekaru, kuma wannan ciwo har jihohin Kudu yana damunsu. Na uku, kuɗin gini ne da kujeru da rijiyar burtsatse, ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa za ka ga sabon gini mai fenti da sunan aikin a jikin bango, ka leƙa ciki ba malami.

Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, a asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙewa, SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta biya. Yi wannan lissafin da kanka. A ce ƙaramar hukuma na da yara dubu 60 'yan firamare. In kowane malami zai riƙe 40, malamai 1,500 ake bukata. A mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, naira miliyan 105 ke nan duk wata, kafin a biya ma'aikacin asibiti ko ɗaya, kafin kason masarauta da fansho. To me ake yi? Sai a daina ɗaukar malamai. Wanda ya mutu ko ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, a wasu wuraren ma sunansa na nan yana karɓar albashi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin na da kyau, amma ƙungiyar malamai ta nuna fargaba, kuma tana da hujja, don tsofaffin malamai ba su manta lokacin da albashinsu ke hannun ciyaman ba, a yi wata da watanni ba a gan shi ba.

Ko malaman da ake da su ma, ina suke? Ka shiga firamare ta cikin birnin jiha za ka tarar da malamai sun yi dandazo a gindin bishiya, wasu darasi biyu suke yi a yini, da yawansu an kawo su ne da takardar wani babba. Ka yi tafiyar kilomita arba'in ka shiga ta ƙauye da ƙarfe goma na safe. Hedimasta ya tafi sakatariya kai rahoto. Malamin Arabiyya na aji shida. 'Yan aji ɗaya da na aji biyu an haɗe su a ɗaki guda, sun fi ɗari, suna zaune a kan simintin da ya farfashe, wani babban yaro riƙe da tsumagiya yana ja musu A B C D suna amsawa da waƙa. In ka nuna wa ɗayansu harafi guda a tsakiyar allon ka ce mene ne wannan, sai ya koma farko ya rero waƙar har ya iso wurin. Ƙarfe sha ɗaya da rabi an tashi. A takardar ofis, ƙaramar hukumar nan na iya nuna malami ɗaya ga yara hamsin, don an haɗa na gari da na ƙauye an raba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi 35.

Sai ingancin malamin. A da akwai kwalejojin horon malamai irin su Wudil da Bichi da Toro da Maru, yaro ya shiga yana ƙarami, a shekara biyar ana koya masa yadda ake tsayawa gaban aji, ya fito da takardar Giredi Tu. Da aka mai da NCE, takardar kwalejin ilimi, mafi ƙarancin shaidar koyarwa sai aka rufe su ko aka mai da su sakandare. A takarda ci gaba ne. A aikace, kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda jami'a da kwalejin fasaha suka ƙi ɗauka, ya karanta fannin da ba shi da alaƙa da koyar da ɗan shekara shida, sannan ɗan siyasa ya sa sunansa a jerin waɗanda za a ɗauka. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen dubu 33 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kaiwa makin da aka gindaya. An yi ta jayayya kan yadda aka yi jarrabawar da yadda aka sallame su, kuma akwai abin faɗa a can. Amma ba wanda ya fito ya rantse cewa in an yi irinta a maƙwabtan jihohi sakamakon zai fi haka kyau.

Duk wannan a wuri ɗaya yake tarewa, wato yaro ya gama aji uku bai iya karatu ba. Daga aji huɗu manhaja ta ɗauka yaro na karanta littafi da kansa. Wanda bai iya ba, zaman da zai yi daga nan har aji shida zaman jiran tashi ne, ana ciyar da shi gaba duk shekara don ba a maimaita aji. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato sun sha nuna mafi yawan 'yan aji biyu da uku a makarantun gwamnati ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Abin takaicin shi ne Hausa na cikin harsuna masu sauƙin koyon karatu, yadda ake furtawa kusan haka ake rubutawa. Yaron da ya san sautin baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba, bi, bu, cikin 'yan watanni zai karanta jimla. Tsawon shekaru, har zuwa 2025, tsarin ilimi na ƙasa cewa yake a fara da harshen gida a shekaru ukun farko, amma ba a samar da littattafai ba, ba a horar da malamai a kai ba, iyaye da yawa kuma gani suke in ba Turanci yaro ke rerawa ba to ba karatu yake ba. Yaron Ibadan ko Onica yana jin Turanci ko Burokan a kasuwa da coci da gidan maƙwabta. Yaron Gummi sai a aji, daga bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba.

Mu koma gida wurin iyaye, tunda su ake yawan ɗora wa laifi. Ana cewa karatu kyauta ne. Uba mai 'ya'ya goma ya san ba kyauta ba ne: kayan makaranta, takalmi, littafin rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, kuɗin tara. Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne abin da aka rasa saboda yaron na aji. Zangon karatu na uku ya faɗo daidai lokacin shuka da noman farko, zangon farko kuma daidai girbi. Ranar kasuwar ƙauye rabin aji ba ya zuwa. Yarinyar da ke tallar awara ko ƙuli, cinikinta ne uwa ke zubawa adashi don kayan ɗaki, in ka ce ta bar talla sai ka faɗa wa uwar inda gado da katifa za su fito. Manomin nan lissafi yake yi kamar kowane ɗan kasuwa. Ya ba da ɗansa shekara shida, an dawo masa da shi bai iya karanta takardar asibiti ba, noman ma ya sangarce. Ya kuma dubi ɗan maƙwabcinsa mai difloma yana jan Adaidaita a Kano. In ya ƙi ba da ƙanensa, kafin a kira shi jahili a fara duba kayan da aka sayar masa.

Ga 'ya mace kuwa, nisa ne babban abokin gaba. Firamare na cikin gari, amma ƙaramar sakandare na hedikwatar gunduma, tafiyar kilomita bakwai ko goma ta cikin gonaki. Shekararta goma sha biyu ko sha uku, ba malama mace ko ɗaya a makarantar, ba bayi mai ƙofa. A nan yawanci karatun ke yankewa, auren daga baya yake zuwa ya cike gurbin. Da makarantun kwana ne ke maganin nisa, to su ma ga abin da ya same su: Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe a farkon 2021, sannan Kuriga a 2024 inda makarantar ma ta je-ka-ka-dawo ce. Kowace sata ɗaya takan rufe makarantu da dama na tsawon watanni, malaman da ba 'yan gari ba su nemi canjin wurin aiki, ba su kuma dawowa.

Ɓangaren arziki shi ma ba haka yake a da ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga da fata suka riƙe Jihar Arewa. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo ta a Kakuri, Kano ta cika da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. A lokacin mai takardar firamare ko sakandare na da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Karyewar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, rashin wuta, tsadar baƙin mai, atamfar fasa-ƙwauri, da mutuwar jirgin ƙasa, su suka haɗu suka kashe su, manyan masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000. Mai masana'anta a Kano sai ya ɗauko kayan aikinsa a tirela daga Apapa, tafiyar kilomita dubu, wanda ke Ikeja kuwa tashar na bayan gidansa. Yau riɗi da citta da zoɓo da fata da shanu ɗanyu suke fita, a sarrafa su a wani wuri, aikin albashin da harajinsa su tsaya can. Kasuwar Dawanau na juya dukiya mai yawa, amma dako da awo ba sa tambayar takarda. Inda takarda ba ta da kasuwa, iyaye ba sa rububinta.

Kada kuma a ɗauka layi ne aka ja a Kogin Kwara, sama duhu ƙasa haske. Ƙididdigar talauci ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2022 ta sami mutum miliyan 133 cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗarinsu a Arewa. Sakkwato ce a gaba da kashi 91, Ondo a ƙarshe da 27. Amma wadda ke bin Sakkwato ita ce Bayelsa, jihar mai, da duk kasonta na kashi 13. Wannan kaɗai ya isa ya nuna zuba kuɗi ba shi ne aiki ba. A cikin Arewa ma Kwara da Kogi da Filato da kudancin Kaduna daban suke da Zamfara da Yobe, cikin birnin Kano daban yake da ƙauyukan Kanon. Tazarar gari da ƙauye a jiha ɗaya takan kai ta Arewa da Kudu.

Abubuwa biyu da aka gwada sun cancanci a duba dalilin da ya sa ba su kai ba. Ɗaya shi ne kason gurabe. A shiga jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. A makarantun haɗin kan ƙasa, wato sakandaren gwamnatin tarayya, makin shiga na 2013 da ya tada ƙura ya nemi 139 daga ɗan Anambra, ya nemi 4 daga ɗan Zamfara. Wannan tsari wanda ya riga ya iso bakin ƙofa yake taimaka, yawanci ɗan ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a birni. Yaron da ya tsaya a aji uku bai san ana yi ba. Ya kuma rage wa gwamnoni jin kunya, ya bar mu da gorin 'yan Kudu. Ɗayan shi ne makarantun almajirai 157 na zamanin Jonathan, waɗanda aka fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012. An gina, an miƙa wa jihohi, ba a tanadi kuɗin abinci da albashi ba, alarammomi kuma ba a sa su a gaba ba, alhali amanar yaran a hannunsu iyaye suka danƙa. Abin da ya fi kama ƙasa, kuma an gwada shi a Kano, shi ne a bar yaro a tsangayarsa, a yi yarjejeniya da alaramma, a kawo malami daga cikin unguwar ya koyar da karatu da lissafi na 'yan sa'o'i a ranakun hutun allo, Alhamis da safiyar Juma'a, a tallafa wa alaramman da taki ko hatsi. Arha ne, sai dai ba abin da za a yanke ƙyalle a buɗe.

To ta ina za a fara? Ni dai da ƙirga zan fara, don ba ya cin kuɗi sosai kuma shi ke tona asiri. Makaranta-makaranta, yara nawa ke cikin rajista, nawa suka zo yau, malamai nawa ke cikin takardar albashi, nawa ke tsaye a aji. A yi ziyarar ba sanarwa, a yi ta har da ranar kasuwa. Daga nan a sake rabon malamai, wanda shi ne mataki mafi ɗaci a siyasance, don kowane malamin da za a tura ƙauye yana da wanda zai buga wa waya. Tura baƙo ƙauye ba ya ɗorewa in ba gida ba alawus, wata uku zai dawo da takardar likita. Abin da ke zama shi ne a ɗauki 'yan garin, musamman 'yan mata masu sakandare, a biya musu kwalejin ilimi bisa sharaɗin su dawo su koyar a ƙauyensu na wasu shekaru. An yi haka a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, inda ya yi tuntuɓe shi ne sun gama karatu jiha ta yi jinkirin ba su aiki. Don haka a tanadi gurbin albashinsu tun ranar da aka tura su. Ɗaukar sabon malami kuma a yi ta da jarrabawa, a sa shi ya koyar da darasi ɗaya a gaban masu tantancewa.

Sannan sa'a guda kowace rana ta karatu a aji ɗaya zuwa uku, da harshen da yaran ke ji, Hausa ne ko Kanuri ko Fulatanci ko Nufanci. Kowane yaro da littafinsa a hannu, ba a kulle a kabad ɗin hedimasta don tsoron ya yage ba. Malami da jagoran darasi na kowace rana, da mai duba shi da zai zauna a ajin aƙalla sau ɗaya a wata ya gyara masa. Bitar kwana uku a otal ba ta canja komai in ba wanda ya biyo baya. Ga 'yan aji huɗu zuwa shida da aka riga aka wuce da su, akwai dabarar da aka faro a Indiya aka kuma gwada a Borno da Kano: a ajiye maganar aji, a gwada kowane yaro, a kasa su gida-gida, waɗanda ba su san harafi ba, masu harafi, masu kalma, masu sakin layi, masu karanta labari, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum na 'yan makonni, a sake gwaji, wanda ya haye ya matsa gaba. Ƙaramar sakandare kuma maimakon katafaren gini a hedikwata, a ƙara azuzuwa uku da bayi a jikin firamaren da ke akwai, yadda yarinya za ta je da ƙafa uwarta na hango ta. A matakin tarayya, abin da ya kamata 'yan majalisarmu su nema shi ne a gyara dokar UBEC yadda wani kaso mai tsoka zai bi yawan yaran da ke zuwa aji da waɗanda suka iya karatu. Sai an haɗa da tantancewa mai zaman kanta, in ba haka ba rajista za ta cika da ɗaliban bogi kamar yadda aka yi ta kuka a shirin ciyar da 'yan makaranta.

Kai kuma Malam, ba sai ka jira Abuja ba kafin ka san halin da makarantar garinku ke ciki. Kowace firamare ta gwamnati ya kamata tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, da mai unguwa da liman da wakilan mata a ciki, kuma yana da ikon shiga ya duba. Ku rubuta ɗan labari na Hausa mai kalmomi sittin da manyan baƙaƙe. Ku zaɓi yara goma 'yan aji uku da kanku, daga rajista, kuna tsallake suna biyar-biyar, kada ku bari malami ya zaɓo muku. Kowane yaro minti ɗaya, ku ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ku yi masa tambaya biyu kan abin da ya karanta. Ku rubuta sakamakon da sunayen malaman da kuka tarar da waɗanda ba ku tarar ba, hedimasta ya sa hannu, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kwafi ɗaya ku riƙe ɗaya. Ƙarshen zango ku sake, da wasu yara goman daban.